Darasi na 14: Ƴarmu Tana Jami'a

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, mai karatu zai iya:

1. faɗin irin nauyin da ke kan ɗalibar jami'a wadda ta fito daga ƙasarmu;
2. bambance gajiyar karatu da ciwon damuwa;
3. sanin abin da gida zai yi, da inda ake kai wadda abin ya yi wa yawa.

Karatu: Wayar ranar Juma'a

Labarin nan misali ne, amma duk wanda ya taɓa tura ɗa karatu nesa zai gane shi.

Shekarar da wata yarinya ta ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, an rangaɗa guɗa a gidansu a Abala har maƙwabta suka leƙo ta kan darni. Ita ce mace ta farko a zuriyarsu da ta kai nan. Baba ya sayar da tumaki biyu. Inna ta ƙulle mata kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli. Mota ta tashi da sassafe, suka bi ta Tukunus da Filinge da Bonkuku da Baleyara, sai ga Yamai. Ba ta samu wuri a gidan kwanan ɗalibai ba, sai ta sauka gidan kawunta, kullum tana ƙetare kogi zuwa Harobanda inda jami'a take.

Duk ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Baba yakan kira ta.

"Yaya karatu?"

"Lafiya lau, Baba."

"To madalla. Ki dage fa, gari duka ke ake kallo. Kada ki ba mu kunya."

"In sha Allahu, Baba."

Haka aka yi ta yi har wata takwas. Da ta zo hutu, zanen da ta tafi da shi yana zagaye ta sau biyu. In an kawo tuwo sai ta taɓa loma biyu ta ture. Ba ta fita gaishe-gaishe, kuma cikin dare Inna takan ji motsinta tana juyi a kan tabarma. Gwaggo ta ce iska ce ta shafe ta a bakin kogi. Wata maƙwabciya ta ce girman kan boko ne, ta fi ƙarfin tuwon gero yanzu. Inna kuwa, da yake ƴar fari ce, kunya ta hana ta tambaya.

Kaka ce ta fasa ƙwan. Wata la'asar ta kira ta tsintar wake a gindin bedi.

"Ke kishiyata, wannan rama fa? Ko so kike mijin namu ya ce ni na hana ki abinci?"

Yarinya ta yi murmushin yaƙe, sai hawaye.

"Kaka, na faɗi darasi biyu. Ban gaya wa kowa ba."

"To sai me? Ke kika fara faɗuwa a duniya?"

"Tumakin Baba fa? Kaka, ƙarfe huɗu da rabi nake tashi in yi wanke-wanke, in shirya yara, sannan in fita neman mota. In na dawo ga girki. Sai kowa ya kwanta nake buɗe littafi, in karanta shafi sau uku ban riƙe komai ba. Ran da aka ce an kai hari wajenmu, na kira wayar Baba ba ta shiga, kwana biyu ban runtsa ba, ga jarrabawa da safe. Yanzu ko littafi na gani sai gabana ya faɗi."

Kaka ta ajiye faifai.

"Wata takwas ana kiran ki, babu wanda ya ce kina barci?"

"Karatu ake tambaya ta, Kaka."

Doguwar hanyar da ta biyo

Kafin yarinya ta taka ƙofar jami'a a Nijar, sai ta yi shekara 13 a kan benci: 6 a firamare, 4 a koleji, 3 a lise, kuma da Faransanci, harshen da ba a yi da shi a tsakar gida. Yawancin ƙawayenta a hanya suka tsaya. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa a cikin ƴan mata 100, ana aurar da 76 kafin su cika shekara 18. Wannan na cikin abin da ya sa gwamnati ta fitar da doka a watan Disamba na 2017 don kare karatun ƴa mace.

A wajenmu kuma akwai ƙarin wahala. Tun 2012 Abala ta karɓi ƴan gudun hijira daga Mali. A watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a gundumar Abala da wasu gundumomin kan iyaka, kuma a shekarun da suka biyo baya ɗaruruwan makarantu sun rufe a jihar Tilaberi saboda rashin tsaro. Yarinyar da ta ratso wannan duka ta ci bak, ba raguwa ba ce. In ta durƙusa daga baya, sai a duba kayan da aka ɗora mata.

Jami'o'in ma duk nesa suke da gida. Ta Yamai, wadda ta soma a 1971 kuma aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, tana fiye da kilomita 200 daga Abala. An buɗe na Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, sannan na Tilaberi da Doso da Agadas da Difa a 2014. Akwai kuma Jami'ar Musulunci ta Say. Ko wacce yarinya ta samu, sai ta bar uwa da dangi ta zama baƙuwa.

Kayan da take ɗauke da su

*Karatun kansa.* A lise malami ya san sunanta. A jami'a tana zaune cikin ɗaruruwan ɗalibai a babban zaure, wanda ya makara sai tsayuwa. Digirin farko, wanda ake kira lisans, shekara 3 ne, an raba shi zango 6, kowane zango da jarrabawarsa. Darasin da aka faɗi bashi ne, yana nan yana jira.

*Kuɗi.* Ba kowa ke samun tallafin karatu na gwamnati ba, wanda ya samu ma yakan yi watanni yana jira. Ga kuɗin mota, ga kwafin takardu, ga abinci, ga audugar mata duk wata, wadda ba ta iya roƙon kuɗinta wajen uba ko kawu. Rigimar tallafi tsohuwa ce. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy wajen zanga-zanga, kuma ranar 10 ga Afrilu 2017 wani ɗalibi ya rasu a irin wannan tarzoma, har aka rufe harabar jami'a na ɗan lokaci.

*Shekarar da ba ta ƙarewa.* Yajin aikin malamai da na ɗalibai kan sa shekarar karatu ta hau kan wata. Namiji yakan jure, amma ita mace ana lissafa mata shekaru a gida: "Ƙanwarki ma ta yi na biyu, ke har yaushe?"

*Masauki.* Ɗalibi namiji in ya sauka gidan dangi, baƙo ne. Mace kuwa hannu ne aka samu. Ba mugunta ba ce, haka aka saba, amma awa 24 ce a yini ga kowa.

*Maza masu neman lalata.* Akwai masu amfani da maki ko kuɗi don su ja ra'ayin yarinya. Yawanci takan yi shiru, don ta san in ta faɗa a gida, maganar farko ita ce ta tattara ta dawo.

*Tunanin gida.* Jikinta yana Yamai, zuciyarta tana Abala. Duk labarin hari ko na rashin damina, a kanta yake sauka.

*Burin dangi.* Wannan shi ne kayan da mu da kanmu muke ɗora mata, da kyakkyawar niyya. "Gari duka ke ake kallo" addu'a ce a bakin uba, amma a kunnen wadda ta faɗi jarrabawa, tana nufin babu hanyar faɗin gaskiya.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

In mutum ya ci karo da maciji a gona, gabansa yakan faɗi, zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya ƙaru. Jiki ne ke sakin wasu sinadarai, adirenalin da kotizol, don ya ba mutum ƙarfin gudu ko kare kai. Maciji na wucewa, sai jiki ya koma daidai. Ɗan wannan tsoro yana da amfani, shi ke tashin ɗalibi ya yi bita kafin jarrabawa.

Matsala tana zuwa ne in macijin ya ƙi wucewa. Tsoron faɗuwa da rashin kuɗi da tunanin gida suna nan safe da dare, wata da watanni, jiki bai samu ya sauke ba. Daga nan barci ya gudu. Ƙwaƙwalwa kuwa a cikin barci take adana abin da aka karanta da rana, shi ya sa babba ke bukatar awa 7 zuwa 9. Wadda ba ta yi barci ba ba ta riƙe karatu, wadda ba ta riƙe ba takan ƙara raba dare, ta sha shayi mai ƙarfi ko kofi, barcin ya ƙara nisa. Haka abin ke zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Ciwon da irin wannan matsi kan jawo ba na Turawa ba ne, ba na ƴan birni ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Kimanin miliyan 280 suna da ciwon damuwa, miliyan 301 suna da ciwon fargaba, kuma ciwon damuwa ya fi kama mata a kan maza. Bincike ya nuna kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan matsaloli suna somawa kafin mutum ya wuce shekara 24, wato daidai shekarun jami'a.

Gajiya ce ko ciwo?

Labarin zuciya a tambayi fuska. Gajiyar karatu takan wuce in an gama jarrabawa, an yi barci, an ci an ƙoshi. Ciwon damuwa kuwa yana zama. A lura in waɗannan alamomi sun kai mako biyu, kusan kullum:

- baƙin ciki ko kuka ba tare da wani sabon dalili ba;
- daina jin daɗin abin da ta saba so, kamar hira da kitso da zuwa biki;
- rashin barci, ko farkawa tsakar dare, ko barcin da ya wuce kima;
- ƙin abinci da rama;
- kasala da mantuwa da kasa tattara hankali;
- yawan ciwon kai, ciwon ciki ko bugun zuciya;
- ganin kanta ba ta da amfani, da yawan cewa "ni ce na ja muku."

Akwai alamar da ba a jira da ita ko kwana ɗaya. In ta ce gara ta mutu, ko ta gaji da duniya, ko ta soma rabar da kayanta tana neman gafara ba dalili, kada a ce wasa take, kada kuma a rufe ta da faɗa. A zauna da ita, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga inda take, a kai ta gidan likita a ranar. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa ba ta sa shi ya aikata, sau da yawa ma ita ke ba shi damar sauke abin da ke ransa.

"Iska ce"

Mu Kurfayawa mun daɗe muna fassara irin wannan hali da iskoki. A nan ƙasar Kurfai, a Shikal, aka soma rawar iskoki ta Babule a 1925 ta hannun wata mata mai suna Shibo, har abin ya bazu ya kai Gana. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in Gwaggo ta ce iska ce, wani ya ce sammu ne ko baki.

Addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, babu mai hana su. Amma wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama, ana yi masa addu'a ana kuma ba shi magani. Haka wannan ma. Abin da ke cutarwa shi ne duka da ɗauri da turaren da ke shaƙe numfashi, da yawo daga wannan mai magani zuwa wancan har dabbobin gida su ƙare, ciwo yana ƙara zama.

Sai kuma tsoron kalmar "hauka". Iyaye da yawa sukan ɓoye yarinya don kada a ce ta taɓu, ta rasa mijin aure. Ciwon damuwa da ciwon fargaba ba su ne haukan da muke gani a kasuwa ba. Mai su tana cikin hankalinta, ta san kowa, nauyi ne ya fi ƙarfinta. Kuma ana warkewa, a koma aji a gama karatu.

Ina ake zuwa?

A soma da gidan likita mafi kusa, ko asibitin gunduma a Filinge. In tana makaranta, ta je wurin likitan ɗalibai. Likita zai fara duba jiki, don wasu cututtuka suna kama da damuwa. Ƙarancin jini, alal misali, yana kawo kasala da jiri da bugun zuciya, kuma binciken 2012 ya same shi a jikin kusan rabin matan Nijar. In abin ya fi ƙarfin wurin, sai a tura ta gaba. A Babban Asibitin Ƙasa na Yamai akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sani da Pavillon E.

Magani iri biyu ne. Akwai zama da ƙwararre a yi magana, ya koya mata yadda za ta kwance tunanin da ya ɗaure ta. Akwai kuma ƙwayoyi, in likita ya ga da bukata. Su waɗannan sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba a daina su sai da izinin likita. A guji ƙwayoyin masu talla a kan tire, musamman tiramol da maganin barci. Sauƙinsu na dare ɗaya ne, sabonsu na shekaru.

Aikin gida da dangi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa da nasa rabo.

*Uba da uwa.* In kun kira, ku fara da jikinta: ta ci abinci, tana barci, wa take hira da shi? Ku gaya mata tun kafin ta tafi cewa faɗuwa jarrabawa ba ta raba ɗa da iyaye. In kunya ta hana ku, ku wakilta kaka ko ƙanwar uwa ko yaya. Ku sa ranar aika kuɗi, ko kaɗan ne, don ta san lissafinta. In an samu tashin hankali a gari, ku yi ƙoƙarin aika mata saƙo cewa kuna lafiya, kafin ta ji a bakin wasu. Maganar aure kuma kada a tayar da ita ana tsakiyar jarrabawa.

*Masu masauki.* A yi magana a fili tun ranar da aka kawo ta: wane aiki ne nata, wane lokaci ne na karatu. In jarrabawa ta zo, a ɗauke mata girki.

*Miji.* In matarka ɗaliba ce, ga goyo ga littafi, karɓar yaro na awa biyu da dare taimako ne da ya fi sabon zane.

*Ita ɗalibar.* Ki riƙa karatu kaɗan-kaɗan tun farkon zango, kada ki tara wa daren jarrabawa. Ki shiga rukunin bita da ƴan'uwanki mata, ki nemi ƙungiyar ɗaliban yankinku. Kada ki sayar da barcinki. In wani ya matsa miki da maganar banza, ki adana saƙonninsa, ki gaya wa babbar mace da kika yarda da ita, a kai ƙara wurin hukumar makaranta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in kin je wurin likita, ki faɗi duk abin da kike ji.

Sababbin kalmomi

- *Lafiyar ƙwaƙwalwa:* daidaiton tunani da zuciya, wanda ke ba mutum damar aiki da zama da jama'a.
- *Matsin karatu:* nauyin da jarrabawa da yawan aiki ke ɗora wa ɗalibi.
- *Ciwon damuwa:* baƙin ciki da mutuwar jiki da suka kai mako biyu ko fiye, har suka hana harkokin yau da kullum.
- *Ciwon fargaba:* tsoro da zullumin da ba sa barin mutum, ko babu haɗari a gabansa.
- *Zango:* rabin shekarar karatu a jami'a.

Tambayoyi

1. Me ya sa yarinyar ta ɓoye wa Baba faɗuwarta?
2. Me ya sa Kaka ce ta iya jin cikinta, ba Inna ba?
3. Kawo abubuwa huɗu da ke danne ɗaliba mace fiye da namiji.
4. Wace alama ce ba a jira da ita?
5. Lissafi: ɗaliba ta kwanta ƙarfe 12 na dare, ta tashi ƙarfe 4 da rabi. Awa nawa ta yi barci? Awa nawa suka rage ta cika 7?
6. Lissafi: in an aurar da ƴan mata 76 cikin 100 kafin shekara 18, nawa suka rage?

Tattaunawa a aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama Baba, ɗaya ya zama ɗalibar. Ku sake yin wayar ranar Juma'a yadda za ta iya faɗin gaskiya ba tare da tsoro ba.

Aikin rubutu

Rubuta saƙo na layi biyar zuwa ga wata ɗaliba ta gidanku ko ta unguwarku da ke karatu nesa. Kada kalmar "jarrabawa" ta fito a ciki.

Abin riƙewa

Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ce duniya ta ware don lafiyar ƙwaƙwalwa, amma mu ba sai mun jira ta ba, Juma'a tana zuwa duk mako. Malam, Malama, in ka ɗauki waya za ka kira ƴarka, kafin ka ce "yaya karatu?", ka ce mata "kina samun barci kuwa?", sannan ka yi shiru ka saurari amsa.